Tsumman Dalva

Duk ranar Asabar, tun kafin Malama Mitiko ta buɗe baki a aji ranta ya riga ya ɓaci. Yara ne 'yan firamare, jikoki da tattaɓa-kunnen mutanen da suka taso daga Japan suka sare dajin nan na arewacin Parana a ƙasar Brazil suka dasa kofi, amma in ka ga yadda suke shigowa zauren ƙungiya ka rantse gidan yari aka kawo su. Massao zai baje a kan tebur kamar an zare masa laka. Tiemi tana ta duban farcenta. Tagwayen gidan Oshiro kuwa sun daɗe a kan haruffan farko har abin ya zama abin kunya, in aka ce su rubuta sunansu sai su kalli juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Ba wanda ya zo don ransa yana so. Kaka ce za ta kafe sai jikanta ya iya Japananci, uba ya ga ba zai iya jayayya da uwarsa ba, sai a kwaso yaro a jibge wa Mitiko, tunda ita ce marar gata.

"Massao, me muke cewa kafin mu fara cin abinci?"

"A miƙo waken nan, Sensei," in ji shi, don haka suke ce wa malama da Japananci.

Aji ya kwashe da dariya. Mitiko ta dafe goshi. Ta tsufa a wannan aiki, furfura ta cika mata kai, amma kullum sai wani ɗan da bai gama famfara ba ya mayar da ita abin wasa.

"Dalva, taimaka masa."

Dalva ta miƙe, ta haɗa tafin hannuwanta, ta faɗi kalmar godiyar tas, har da ɗan sunkuyar da kai yadda tsofaffinmu suke yi. Nan ne kawai Mitiko take samun sa'ida. Dalva baƙar yarinya ce 'yar shekara tara, ba ta haɗa jini da Japan ta ko'ina ba. Uwarta, Dona Zuleide, aikatau take yi a gidajen garin, musamman gidan Tsoho Kuwabara, shugaban ƙungiya, kakan Massao. A can ne yarinyar ta tsinci yaren. Matar Kuwabara, kafin ta rasu, tsufa ya kwashe mata Fotugis, yaren ƙasar, kaf, ya bar ta da yaren ƙuruciya, 'ya'yanta da jikokinta suka gaji da ita. Dalva ce take zama a gefen gadonta in uwarta na aiki, tsohuwa na zuba, yarinya na kwashewa. Da ta shigo aji sai ga shi kunnenta ya riga ya buɗe. Mitiko har ta fara shirya ta don ta yi gaisuwar dattawa a bikin girmama tsofaffi, da ka, ba takarda, abin da aka daɗe ba a samu yaron da ya yi ba. In da za a tambaye ta tsakani da Allah, don wannan yarinya ɗaya take tashi ranar Asabar.

To akwai al'adar goge daɓe. In an tashi daga darasi sai a tura tebura gefe, kowane yaro ya ɗauko tsummansa, ya jiƙa, ya matse sosai, a jeru a jikin bango, hannu biyu a kan tsumma, ƙugu a sama, a tura da gudu har ɗaya bangon. Daɓen na katako ne, mutanen farko suka fafe shi da hannunsu. Ba a taɓa shafa masa mai ba, ba a taɓa kwara masa ruwa ba, tsumman yara ne kawai ya sa yake sheƙi. Kuma ƙa'ida ce kowa ya ɗinka tsummansa daga tsohon tawul, ya saƙa sunansa a gefe. Na Massao 'yar aiki ta ɗinka masa. Na Tiemi a kanti aka sayo. Dalva ita ta ɗinka nata, ɗinkin a karkace, sunanta da haruffan Japan cikin shuɗin zare.

Mitiko da kanta ta daina durƙusawa tun da gwiwa ta fara ba ta matsala. Sai ta tsaya a bakin ƙofa tana tafa hannu tana ba da umarni.

Abin bai lalace a rana ɗaya ba. Uwar Tiemi, Likita Elza, ita ta fara, wai ƙura tana tayar wa 'yarta da atishawa. Mitiko ta so ta ce ai don kada a samu ƙurar ake gogewa, amma ta haɗiye, likita ce, kuma tana cikin kwamiti. Sai Massao ya shiga ƙungiyar ƙwallo, kuma ƙwallon nan, ikon Allah, daidai lokacin goge daɓe ake fara ta. Uban tagwaye kuwa ba ya ma neman uzuri, zai tsaya a waje ya danne hon har sai an sako masa 'ya'yansa. Kowane uzuri in ka ɗauke shi shi kaɗai ba ka ganin aibinsa. Mitiko ta yi ta tsaki tana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa tsayawa ta duba wa ya rage ba.

Wata Asabar aka kwana ana ruwa. Jar ƙasarmu kuwa in ta jiƙe ba ta da mutunci, ko an tuɓe takalma a bakin ƙofa sai ta san yadda ta bi safa ta shigo. Daɓe ya yi jajir. Aka tashi, motoci suka fara hon, yara suka yi rububin kabad ɗin takalma, kafin ka ce me zauren ya zama wayam. Dalva ta ɗebo ruwa a bokiti, ta matse tsummanta, ta durƙusa. Mitiko tana tsaye tana ce mata, "Bi tsawon katakon, yawwa, kada ki gitta shi."

Ranar aka sallami Dona Zuleide da wuri, ta ce bari ta biyo ta ɗauki 'yarta saboda taɓo. Ta tsaya a bakin ƙofa da lema a hannu. Ta hango 'yarta a durƙushe. Sannan ta tuɓe silifas ɗinta, don ko cikin fushi ƙafarta ta saba da gidajenmu, ta shigo.

"Dalva. Tashi."

"Mama, saura kaɗan in..."

"Na ce tashi tun ban ɓata miki rai ba!"

Mitiko ta matso da murmushi, ita a ganinta ƙaramar rashin fahimta ce. "Dona Zuleide, sannu da zuwa. Bari in yi miki bayani. Al'adarmu ce, kowane yaro yana gogewa."

Zuleide ta juya ta dubi gabas, ta dubi yamma, har ta leƙa ƙarƙashin tebur. "Kowane yaro? Ina suke? Ko idona ne ya fara mutuwa?"

Ta taga ana hango Massao a bayan motar kakansa, ya miƙe ƙafa yana cin biskit.

"Yau dai an samu... wasu suna da uzuri."

"Uzuri!" Zuleide ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ɗage siket ta nuna gwiwoyinta, sun yi baƙi sun yi kanta. "Duba nan, Malama. Tun ban yi ƙirgen dangi ba nake durƙushe a ɗakunan mutane. Na kawo miki yarinyar nan ta koyi yarenku don wata rana ta zauna a kan kujera, a gaishe ta. Ashe gadon sana'ata kike koya mata, kuma a kyauta."

"Haba, ba aikatau ba ne, tarbiyya ce. Yaro ya san darajar wurin da ya ba shi ilimi, ya san ba wanda ya fi ƙarfin..."

"To su waɗancan sun sauke tarbiyyar ne? Ke ma fa a tsaye na same ki."

Zuleide ta fizgi hannun 'yarta. Dalva na tirjewa tana kuka, tsumma a dunƙule a hannunta yana ɗiga, amma da suka kai bakin ƙofa sai da ta juyo ta sunkuya ta yi sallamar tashi daga aji yadda aka koya mata. Wannan sunkuyawa ta fi komai ƙona wa Mitiko rai.

Makon nan ba ta ji daɗin abinci ba. Wani lokaci haushin Zuleide take ji, mace ba ta tsaya ta saurara ba ta wanke ta tas. Wani lokaci haushin iyayen yara. Mafi yawa dai haushin kanta, da ta yi ta tafa hannu a bakin ƙofa ba ta ga abin da baƙuwa ta gani a kallo ɗaya ba. Da ta ga zama ba zai kai ta ba sai ta nannaɗe dunƙulen shinkafa a leda, ta ɗingisa zuwa unguwar bayan rumbunan waken soya.

Zuleide ta karɓe ta ba yabo ba fallasa. Ta ba ta kujera a baranda, ta zuba mata kofi mai sukari har yana kama baki. Daga cikin ɗaki ana jin motsin mutum a bayan labule.

"Na zo in ba ki haƙuri," in ji Mitiko. "Kuma na zo roƙo. Yarinyar nan Allah ya ba ta. Ni na koyar da iyayen yaran can, na koyar da su, ban taɓa samun kunne irin nata ba. Kada ki cire ta."

"Ai ba sai kin faɗa mini ba. Ni take hana sakat da waƙoƙinku, ko wanka take yi." Zuleide ta kurɓi kofi. "Ba na ƙin ki, Malama. Amma ni nake wanke gidan su Massao. Yaron nan ko safarsa ba ya ɗagawa daga ƙasa, inda ya tuɓe nan zan tarar. In yi masa bauta a gida, 'yata ta yi masa a makaranta? Wallahi ba da ni ba."

"To ta dawo, na ɗauke mata gogewar."

"Don me? Ta gurgunce ne? Ko so kike a ce 'yar aikatau ce aka tausaya wa?" Ta dire kofin. "Ni abu ɗaya na sani. Ranar da na ga jikan Kuwabara a durƙushe da idona, tsumma a hannunsa, ranar Dalva za ta durƙusa kusa da shi. Ba na neman ƙari, ba na karɓar ragi."

"Ki zo ranar Asabar ki gani."

"In an sake ni."

Mitiko ta dawo gida da ƙarfin gwiwarta, ta biya kasuwa ta sayi kwaɗo.

Ranar Asabar yara suka tuɓe takalma suka jera a kabad kamar kullum. Suna shiga aji ta ja ƙofar kabad ta datse, ta jefa makulli a aljihun riga. Da aka tashi suka ruga, suka tarar da kwaɗo yana lilo.

"Sensei, takalmanmu!"

"Suna nan lafiya. Kowa ya ɗauko tsummansa."

"Ina da ƙwallo!"

"Ƙwallon ta jira. Ko ka tafi da safa, ga hanya nan."

Tiemi ta fara atishawar ƙarya, Mitiko ta miƙa mata hankici ta ce ta ɗaure hanci. Aka yi ta ƙunƙuni, aka yi ta jan ƙafa, a ƙarshe dai suka jeru a jikin bango. Mitiko ta tafa. Tagwaye suka tura, ɗaya ya zame ya kife, ɗan'uwansa ya hau kansa. Massao ya ce ai shi ba wanda zai riga shi, ya sunkuya ya fella da gudu har ya yi karo da bango. Kafin a je a dawo sau biyu zauren ya kaure da ihu da dariya, har Tiemi ta yar da hankicin tana cewa a sake, an yi mata maguɗi. Kai, yara dai! Abin da aka yi wata da watanni ana gudu, ga shi sun mayar da shi tsere. Mitiko sai duban ƙofa take yi, tana cewa a ranta, Zuleide, ki zo mana, ga jikan Kuwabara nan ƙugu a sama. Zuleide kuwa tana can gidan Kuwabara, surukarsa ta yi baƙi, an tara mata tukwane.

Wadda ta shigo ita ce Likita Elza. Hon ya ishe ta, ta fito daga mota ta haye zauren da takalminta mai tsini, ƙwas, ƙwas, a kan katakon da ko shugaban ƙasa ne sai ya tuɓe. Uban tagwaye na biye da ita.

"Wa ya kulle takalmin 'yata?"

"Ni ce. Elza, tuɓe takalminki."

"Malama, kin san abin da kika yi kuwa? Kin tsare 'ya'yan mutane kin sa su aikin ƙarfi! A wane zamani kike?"

"A zamanin da ke ma kika goge daɓen nan, ina tsaye a kanki. Ban ga ya hana ki zama likita ba. Na ce tuɓe takalminki!"

Ba ta tuɓe ba. Ta miƙa hannu a ba ta makulli, Mitiko ta ga yara sun yi cirko-cirko suna kallo, ta ciro ta ba ta. Da suka watse ta bi daɓen da ido. Tsinin takalmi ya bar ƙananan ramuka a jere tun daga ƙofa har tsakiyar zauren.

Kashegari da la'asar kwamiti ya zauna. Tsofaffi suka kewaye tebur da shayi marar sukari, Likita Elza a gefe ta harɗe hannu. Mitiko ta miƙe ta faɗi komai, ba ta rage ba: yadda 'ya'yan masu gari suka zame ɗaya bayan ɗaya, yadda aka bar yarinya ɗaya a durƙushe, da sharaɗin da uwarta ta kafa. Ta ce abu ɗaya take nema, kwamiti ya ce kowane yaro zai goge, ba ɗan wane.

Sai tsofaffi suka ɓalle da tuna baya. Wannan ya ce a lokacinsu da sanyin safiya suke gogewa har yatsu su ƙage. Wancan ya ce ubansa ne ya jawo katakon da shanu daga bakin rafi. Tsoho Kuwabara har da share hawaye, ya ce duk abin da ya zama a duniya a kan daɓen nan ya koye shi, wanda bai goge daɓe ba bai san komai ba. Mitiko ta fara jin sanyi a ranta, ta ce yau dai an dace.

"Amma fa," in ji Kuwabara, ya gyara tabarau, "zamani ya canza, Malama. In muka matsa, iyaye za su kwashe 'ya'yansu, mu wayi gari da zaure ba yara. Ni na kwana ina tunani, kuma na samo mafita da ba wanda zai yi kuka. Daga yau an ɗauke wa yara gogewa gaba ɗaya. Ƙungiya za ta ɗauki mai goge daɓe."

"Shugaba, ba wannan na..."

"Tsaya mana, ban kai wurin daɗin ba." Ya yi murmushi, shi a dole ya yi abin kirki. "Zuleide za a ba aikin. Na riga na yi mata magana da safe. Ta samu ƙarin abin sawa a tukunya, 'yarta ta yi karatu kyauta, ba wanda zai sake sa ta durƙusa. Kin ga kowa ya huta."

Aka tafa masa. Wallahi aka tafa masa, har da Elza.

"Shugaba, don Allah ka saurare ni. Kana so yarinyar ta zauna a aji, uwarta ta shigo da bokiti..."

"To mene ne a ciki? Aiki ai ba abin kunya ba ne. Ba abin da kike koya musu ke nan ba?"

Mitiko ta bi fuskokinsu da kallo. Mutanen nan ba mugaye ba ne, shi ne abin haushin. Da mugaye ne da ta san yadda za ta yi faɗa da su. Ta zauna, shayinta ya huce a gabanta.

Duk da haka ranar Asabar ta zo da ɗan sauran fata a ranta. Ta ce wa ya sani, ko Zuleide ta sauko. Ta ajiye takardar gaisuwar dattawa a kan teburin Dalva. Aka fara darasi, kujerar ba kowa. Ta tambayi me ake cewa in an dawo gida, Massao ya ce, "Me aka dafa?" Aka yi dariya. Ba ta da wanda za ta ce wa taimaka masa.

Ana tashi sai ga Dona Zuleide a bakin ƙofa da bokiti, ta ɗaure kai da ɗankwali, ita kaɗai. Yara suka bi ta gefenta suna rububin takalma. Massao ya ce, "Zuleide, kin wanke mini rigar ƙwallo?" Ta ce tana kan igiya. Ya wuce.

"Ina Dalva?" in ji Mitiko, ko da yake ta san amsar.

"Tana gida."

"An ce karatunta kyauta ne yanzu. Ba mai sa ta goge komai."

"Na ji." Zuleide ta ajiye bokiti ta fara tura tebura gefe. "Mai gidan da nake ci a ƙarƙashinsa ya ce in zo, in ce masa a'a? Na zo. Amma 'yata ba za ta zauna a kujera tana ɗaga ƙafa uwarta ta goge ƙarƙashinta ba, 'yan ajinsu na kallo. Ke za ki so wa taki?"

"Zan koya mata a gida. Ni zan riƙa zuwa."

"Ta yi yaren da wa, Malama? Da ni? Ita gaisuwar tsofaffin nan take so, ta tsaya a gabansu a zauren nan. Zauren da uwarta ta goge." Ta girgiza kai. "Bar ta ta manta. Yarinya ce, za ta manta."

Mitiko ta dubi bokitin, cike yake fal. Ta san yadda ake wanke ɗaki a gidajen garin nan, a kwara ruwa a bi da sanda a koro shi waje. Ta ɗaga hannu za ta yi magana.

"Kwantar da hankalinki, ba zan kwara ba," in ji Zuleide. "Tun jiya Dalva take yi mini karatu. Kada a zuba ruwa. A matse sosai har ya daina ɗiga. A bi tsawon katako, kada a gitta. Har sai da ta sa na gwada mata a baranda, wai ban iya matsewa ba, ni!" Ta sa hannu a aljihun gaban riga ta ciro wani abu a ninke. "Kuma wai lallai da wannan zan yi."

Ta warware shi. Ɗinki a karkace, shuɗin zare a gefe. An wanke shi fes, har guga aka yi masa.

Zuleide ta tsoma shi a bokiti, ta matse, ta tafi jikin bango ta durƙusa.

Mitiko ba ta san lokacin da ta je ta ɗauko wani tsumma daga cikin na yaran ba. Ta jiƙa, ta dafa bango, ta fara sauka a hankali, gwiwa na ƙara, azaba na harbawa har ƙugu. Ta kai ƙasa da ƙyar, kusa da Zuleide.

"Me kike yi haka?"

"Zan taya ki."

"Tashi, Malama." Ba da faɗa ta faɗa ba, a gajiye ta faɗa. Ta waiga wajen taga, motar Kuwabara ba ta riga ta tashi ba. "Don girman Allah tashi. In suka hango ki, cewa za su yi ban iya ba, ko su ce ashe ba a bukatata. Yanzu aikina ne. Kada ki jawo mini."

Tashin ya fi saukar wuya. Sai da Zuleide ta ajiye tsumma ta kama ta ta ɗaga, ta raka ta har bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa. Sannan ta koma ta durƙusa, ta ɗora hannu biyu a kan sunan 'yarta, ta fara turawa tana bin tsawon katako. Mitiko tana tsaye tana kallo, jiƙaƙƙen tsumman Massao a hannunta yana ɗiga mata a kan safa.